Zaren Ƙasa

An ɗauke wuta tun la'asar.
Na lulluɓe keken ɗinki da tsohon zane,
na jawo benci ƙofar shago,
nan Tudun Wada, inda mai shayi ke fasa ƙwai
yana gardama da rediyonsa.

Ƙwarƙwaron fatsa a cinyata, tsirara.
Ɗan gwanjo ne, a Sabon Gari na tsince shi
tsakanin kwanuka da agogon da ya daina tafiya.
Ya sha gishirin wani teku da ban taɓa gani ba.

Lantana, zo riƙe mini.
Zura fensir a ramin dunƙulen,
ki danne da yatsu biyu,
kada ki sake, kada ki shaƙe.

Tsohon zaren roba na fara naɗawa,
wanda rana ta cinye wa launi.
Na Yaya Mudi ne. Shi ya bar mini,
da hula guda, da bashin mai kifi.
Sabon zaren santsi gare shi:
ka ɗora shi kan ƙarfe kai tsaye,
sai ya yi ta juyi kamar zobe a yatsan majinyaci,
kifi na ja, kana naɗi, ba mai matsawa.
Dole a yi masa shimfiɗa.
Kuma, in za a faɗi gaskiya,
yadi ɗari kuɗina suka saya,
cikin ƙwarƙwaron kuwa ya fi haka.

Sai ƙulli.
Baƙo da ɗan gida, baki da baki,
roba zagaye biyar, mai kitso takwas,
a jiƙa da yawu, a ja a hankali
har kowa ya kama wuyan ɗan'uwansa.
Na gutsure saura da haƙori.
Lantana ta ce, Baba, ga almakashi a bayanka.

Kore ne shar, ya fi tsinken tsintsiya siranta,
sili takwas aka kitsa.
Wace mai kitso ce ta zauna wa wannan?
Ba ya miƙewa, ba ya yafiya.
Ya taɓa tsaga mini manuniya,
sati biyu allura tana mini baƙunta.
Shi ya sa yau ta cikin jiƙaƙƙen tsumma yake bi,
ina matsewa, ina juya hannu,
fensir na kuka ƙis, ƙis,
yarinya na ƙirga abin da ba na ƙirgawa.

Na tsaya saura kaurin kwabo a baki.
Wanda ya cika shi fal
zai wuni bakin ruwa yana warware taliya.

Ta leƙa ta ce, na Kawu ya ɓace.
Na ce yana nan.

Ban ba ta labarin bara ba.
Galma, ƙasa da Dakace, bayan ruwan dare,
kogi ja kamar an dama kunun kanwa.
Wani abu ya ɗauki tanar ya yi gabas
bai ko yi sallama ba.
Ƙwarƙwaro na ihu, kore na ƙarewa,
tamanin, casa'in,
sai ƙullin ya wuce zobban sanda, tak, tak, tak,
sai ga zaren Yaya Mudi a sarari,
fari fat, yana ɗiga,
shekara shida rabonsa da rana.
Na tsaya a taɓo har gwiwa ina kiran sunansa
kamar yana tsallaken can da gorarsa.

Kifin ya tafi.
Ƙugiya ce ta miƙe.
Ƙullin bai ce komai ba.

An kira magariba a masallacin kanikawa.
Lantana ta zare fensirinta, ta duba tsininsa,
ta ce gobe akwai lissafi,
kuma na ci mata rabin magogi.