Tsakanin Zane da Zane

Cike gurbi ne aikina.
Lowell Brandvold zai zana bushiya ta ɗaga ƙafa,
ya sake zana ta ta sauke,
ni kuwa in zana abin da ke tsakani,
takarda bakwai, wata rana tara,
don kada idon yaro ya yi tuntuɓe.
Shekara goma sha tara a Burbank, hawa na uku,
taga ɗaya mai kallon wurin ajiye motoci
da wani dogon dabino da bai taɓa 'ya'ya ba.

Ranar da ya zo mana, fensir a bayan kunne,
takalminsa na hagu ya buɗe baki.
Hannu gare shi, wannan ba gardama.
Layi uku zai ja, bushiya ta yi fushi,
ya goge ɗaya, ta ba ka tausayi.
Kafin mu farga, safiyar Asabar ta zama tasa,
bushiyar da laimarta sun hau jakar makaranta,
sun hau kofi, sun hau rigar barcin 'yata.
Sai aka ba shi ofis mai ƙofa.
Mu teburanmu a fili suke, kamar rumfunan kasuwa.

Ƙofar nan takan rufu ƙarfe shida da rabi.

Odalys Barragan, mai haɗa launi,
ta shiga da zanenta da dariyarta,
ta fito ba ko ɗaya.
Na gani. Na ce gajiya ce.
Ta koma cin abincin rana a cikin mota, gilashi a ɗage,
wata biyu, sannan teburinta ya zama na wata.
Watan ma ta koyi bin matattakala
duk sa'ad da ya tsaya jiran lif.
In sabuwa ta zo, sai a ja ta gefe wajen tukunyar kofi:
"In ya ce ki dakata bayan an tashi,
ki ce ana jiran ki a ƙasa."
Iyakar garkuwar da muka ƙera ke nan. Raɗa.
Ni ko raɗar ban yi ba.
Tukunyar gidana a kan murhunsa take,
na ce a bar kaza cikin gashinta.

Mata goma sha ɗaya suka sa hannu a takarda guda,
sunan Odalys a sama, ba ta ɓoye shi ba.
Kamfani ya ce yana dubawa.
Ya duba kwana tara.
Ranar Alhamis mai gadi ya raka shi har bakin titi
da kwali ɗaya, kan wata kyauta ta zinariya na leƙowa.
Da dare ya rubuto wa duniya:
shi ba haka ya tuna ba,
in ya ɓata wa wata rai, a yi haƙuri.
In.
Harafi biyu, ya dunƙule a ciki,
ƙayoyi a waje, yadda ya koya wa bushiyarsa.

Alƙali bai zauna ba.
Ban ga abin da ke bayan ƙofar ba, ba zan rantse ba.
Amma na ga zanen farko, na ga na ƙarshe,
kuma cike tsakani shi na ci abinci da shi.
Wannan kaɗai na bari fari fat.

An kankare sunansa daga ƙarshen shirin.
Bushiya ba ta sani ba, tana nan tana gudu,
ƙafa sama, ƙafa ƙasa, da takarduna a tsakani.
Jiya jikata Wren, kwanon madara a cinya,
ta ce, "Kaka, wa ya zana ta?"
Na ce mutane da yawa.
Ta ce laimar ta fi so.
Na daɗe kafin na amsa.
Na ce, ruwan ɗorawar nan,
wata mai suna Odalys ce ta haɗa shi.
Sau shida tana gwadawa kafin ya yi mata.