Kalangu a Ɗakin Jarirai

Shekara arba'in da huɗu ina yi wa mahauta kiɗa
bakin rumfar nama, kasuwar Talata Mafara.
Asibiti bai taɓa kirana ba sai don hawan jini.
Ran nan sai ga Nazifi bisa babur,
wai Dakta Murja na nemana,
ni da kalanguna, kada in baro gula.

Ɗakin ba faɗi. Fanka ta mutu.
Uwaye shida jere a benci, kowace da ɗa a cinya,
an kifa musu huluna masu wayoyi
kamar gizo-gizo ya hau ƙwai.
Gefe ga allo, layuka na tafiya cikinsa
irin na ruwan Bakolori in iska ta shafe shi.

Ta ce, Baba, faɗi "sannu da zuwa" da bakinka.
Na faɗa.
Ta ce, to maimaita da kalangu.
Na matse tsarkiya a hammata, na sassauta, fata ta faɗa.
Wani ɗan wata biyar ya saki nono,
farin ruwa na bin haɓarsa,
ya yi mini duban mai bin bashi.
Layuka suka yi tsalle.

Takardarta gida biyu gare ta,
nan "magana", nan "kiɗa".
Ta ɗaga biro, ta tsaya.
Baba, wannan da ka yi, wane gida zan sa shi?
Na ce, 'yata, ban san inda katangar take ba.
Ubana da kalangu yake kirana cin tuwo,
da shi yake zagina in na makara.
Tambayi mai hular can,
shi ba a koya masa rabewa ba tukuna.

Kwana tara muna haka.
In na ɗaga sauti inda ya kamata in sauke,
sai ka ga gira ta haɗe.
Ba su san kalmar ba,
amma sun san an karya ta.

Rana ta goma Safara'u ta kawo Zuwaira
daga wani ƙauye bayan gada.
Na buga. Idonta na kan fanka.
Na ƙara ƙarfi har yaron can ƙarshen benci ya fashe da kuka.
Layinta kwance, igiyar shanya ba wanki.
Dakta ta cire tabarau tana goge abin da ba datti.
Uwar ta ce, ai ita haƙuri gare ta,
ko tsawa ba ta tashe ta.
Ba wanda ya amsa.

Ban nemi izini ba.
Na durƙusa, gwiwa na ƙara,
na jingina fatar kalangu da tafin ƙafarta,
na kira ta a hankali, gaɓa uku.
Yatsun suka naɗe.
Na sake.
Ta sauko da ido daga fanka,
ba fuskata ta nema ba, ƙafarta ta duba,
kamar mai tambayar wa ya yi sallama ta wannan ƙofa.
Can a allo wani layi da ba a gayyata ba
ya ɗaga kai.

An ba su takarda zuwa Gusau, wurin masu duba kunne.
Ban san abin da aka faɗa musu can ba.
Na dai ga Dakta ta ja gida na uku a takardarta,
ta bar shi ba suna.

Yau Talata. Wuƙaƙe na wasa da juna,
ƙuda na nasu amshi,
mahauta na jiran in kira kakanninsu.
Na tuɓe takalmi na ajiye gefe.
Wani ya ce, Baba, ƙasa fa da zafi.
Na ce, bar ni,
akwai abin da na daɗe ina bugawa
ban taɓa jinsa ba.