Hanyar Amasra

Na ɗauki komai a waya tun daga ƙofar gidanmu a Eskişehir,
don haka kada wanda ya musa mini.

Ga Baba Nurettin yana ɗaure katifa a rufin mota
da igiyar shanyar Inna Feride,
yana cewa awa shida kacal mu ga teku.
Inna ta ce, "Allah ya sa,"
irin faɗar nan da ke nufin mu gani a ƙasa.

Ga Kaka Sabiha a kujerar baya,
ta rungume kwalbar kokwamba mai tsami
kamar jinjirin da aka ba ta riƙo.
Ozan kuwa, autanmu,
tun ba mu bar unguwa ba ya fara: "Mun kusa?"

Baba ba ya shiri da matar nan ta cikin waya.
Ta ce dama, ya yi hagu,
ya warware taswirar takarda da ta girme ni,
wadda ɓera ya cinye garin Bolu a jikinta.
Sai ga mu tsakiyar garken tumaki.
Makiyayin ya ba mu shayi a kofi mai siririn ƙugu,
ya nuna mana hanyar da muka baro.

A kwanar dutse kwalba ta buɗe baki,
ruwan tsami har cikin takalmin Inna.
Nan hoton yana ta rawa, dariya ce ta ci ƙarfina,
Kaka tana tsince kokwamba tana ƙirgawa
kamar mai rabon gado.

Bayan Devrek mota ta yi tari biyu, ta yi tsit.
Baba ya ɗaga murfin inji
ya daɗe yana kallo, bai taɓa ko waya ɗaya ba.
Can ya ce, ba tare da ya juyo ba,
"Na sayar da ita. Litinin mai ita zai zo.
Masana'anta ta sallame mu tun watan Mayu.
Fitar da nake yi da safe, gidan shayi nake zama."

Daga nan fim ɗin ƙasa yake kallo:
tsakuwa, yatsun ƙafata,
tururuwa tana jan ɓarɓashin burodi.
Murya kawai ake ji, ta Inna:
"Na sani tun ranar da ka daina ƙorafin maigidanka.
Wa kake zato yake sa maka kuɗin shayi a aljihu?"

Shiru ya yi tsawo.
Kaka ta goge kokwamba ɗaya da gefen ɗankwalinta, ta miƙa masa.
Ozan ya leƙo ta taga: "Mun kusa?"

Muka tura ta, har da Kaka da hannu guda,
ta tashi kamar dama fushi take yi.

Tsakar dare muka isa, ana ruwa.
Tekun da muka zo dominsa ko ɗigo ba a gani.
Caji saura biyu.
Hoton ƙarshe baƙi ne ƙirin,
sai ƙarar igiyar ruwa tana dukan duwatsu,
da Baba yana cewa, "Ga shi nan. Ban ce muku awa shida ba?"
Inna ta ce, "Goma sha huɗu,"
dariyarta ta fara,
wayar ta mutu.