Tafinta

Shekara goma sha tara ina ba da aron bakina a kotun nan.
Alƙali ya faɗa da Turanci, in juye da Hausa,
ban ƙara gishiri, ban rage yaji.
Maganar wasu ce, ni mazurari ne kawai,
haka nake gaya wa kaina kan hanyar Mabera.

Ran Talata aka shigo da Arzika.
Sha shida, in ji takarda.
Uwar ta ce ita dai ta san
shekarar da gulbi ya cinye albasar Kwalkwalawa ta haife shi.
Wuyansa kamar sillen kara cikin rigar aro.
Bai dubi kowa ba,
fuka-fukan fanka yake ƙirgawa,
uku ne, shi huɗu yake samu.

Wanda ya mutu wansa ne, Jabbi,
baduku a Ƙofar Marke.
Shi ke goya shi a babur zuwa asibitin Kware duk ƙarshen wata,
shi ke zuba masa ƙwaya biyu a tafin hannu,
ya tsaya sai ya ga maƙogwaro ya motsa.
Kasuwar fata ta kwanta wata uku,
kwalbar magani ta koma gidan tururuwa,
masu yi masa magana cikin bango suka dawo.
Sauran labarin wuƙar yankan fata ta ƙarasa shi,
ga ta nan kan tebur cikin leda, da lamba a wuya.

Lauyan gwamnati ya ce: ya ɓoye ta bayan randa,
mai ɓoyewa ya san abin da ya aikata.
Na juye.
Lauyansa ya ce: bayan nan ya lulluɓe wan da zane
don kada sauro ya dame shi,
ya zauna gefe yana jiran ya tashe shi asuba.
Na juye.
Likita ta kawo suna mai tsawo kamar igiyar guga,
na laluba duk Hausata, na ce taɓin hankali,
na ji kamar na auna teku da ludayi.

Benci biyu ne a ɗakin,
dangin mamaci dama, dangin wanda ake tuhuma hagu.
Inno Kulu ta tsaya tsakani, takalmanta a hannu.
Ɗan sanda ya ce, Inna, wane gefe?
Ta ce, duk biyun ni na haihe su.
Aka kawo mata kujera, ta ƙi zama.

Alƙali ya cire tabarau, ya murza ido, ya mayar.
Ba za a rataye shi ba,
ƙuruciya da ciwo sun tare igiya.
Ba za a sake shi ba,
jini ya zuba, kuma bango bai yi shiru ba.
Za a tsare shi inda likita zai riƙa dubawa
har ranar da hukuma ta ga dama.

Na juye, kalma bayan kalma.

Sai Arzika ya sauko da ido daga fanka.
Ya ce, kwana nawa ke nan?
Ban da lamba a bakina, ba a ba ni ba.
Ya ce, to, a hwaɗa ma Jabbi
in an gama ya zo da babur ya ɗauke ni.

Takalmin Inno Kulu ɗaya ya faɗi ƙasa.

Alƙali ya ɗago alƙalami: me ya ce?
Shekara goma sha tara ban ci amanar kalma ba.
Na ce, ranka ya daɗe, ya ce ya ji.

Aka rubuta. Aka kira ƙara ta gaba,
rikicin fili ne a Runjin Sambo.

Da dare tuwo ya huce a gabana.
Aka kawo wuta, fankar ɗakina ta tashi,
na kama kaina ina ƙirgawa.