Kamshaf Uku a Ƙofar Ruwa

Inuwa ya shimfiɗa takardar siminti a ƙasa,
ya jera su uku kamar sandunan rake,
kowanne da tozo goma sha shida,
baƙin mai yana naso a ƙarƙashinsu.

Motar tana bayanmu, baki a wangale,
silinda takwas, 'yar Amurka,
wadda kawuna Barau ya sauko da ita daga jirgi
shekarar da naira ta kori fam.
Ta daɗe a kwance bayan gidansa,
kaji na saka ƙwai a kujerar baya.

Na nuna na ƙarshe, mai manyan tozaye.
Na ce wannan.
Na ji kukan irinsa a waya,
yana tangaɗi kamar zai mutu, ya ƙi mutuwa.
Ina so in tsaya a danjar Gidan Zu
gilasan shaguna su kama rawar sanyi.

Inuwa bai ce a'a ba.
Ya goge hannu da tsumman da ya fi hannun datti,
ya ce, Alhaji, ina kake zuwa da safe?
Sharaɗa.
Giya nawa kake sawa kafin ka isa?
Na dubi takalmina. Biyu.
Uku, in Lahadi ce.

Ya ɗaga ƙarfen, ya bi tozon da babban yatsa.
Wannan mai gadin ƙofofi ne, in ji shi,
shi ke ce wa bawul buɗe, shi ke cewa rufe.
Wanda ka zaɓa ba ya son rufe ƙofa:
ta shiga a buɗe, ta fita a buɗe,
iska ta rasa ta ina za ta bi.
A titin Zariya, da asuba, totur a ƙasa,
zai biya ka har da gyara.
Amma a cunkoson Kantin Kwari
silo zai ƙi zama,
burki ya yi tauri kamar ɗanyen ganda,
fulogi su yi baƙi, allurar zafi ta hau,
tankinka ya koma rariya.
Daga nan ka sake sifirin, ka sake giyar baya,
ka shiga neman fetur ɗin da babu mai sayarwa.

To ƙaramin fa?
Ya yi dariya. Wannan ɗan biyayya ne,
zai kai jikoki makaranta ya dawo,
ka manta abin da ke kwance ƙarƙashin bonet.

Na tsuguna gaban na tsakiya,
gwiwata ta yi ƙara har yaron shago ya waiwaya.
Bara ma wani likita ya zana mini bawul a takarda,
ya ce na ƙirjina ba ya rufuwa daidai,
in rage gishiri, in rage gaggawa.
Ban faɗa wa Inuwa ba.
Na ce, ɗaura wannan.

Mako uku.
Ranar tayarwa ya hana ni taɓa makulli.
Minti ashirin yana riƙe da totur, kunne a karkace,
wai ƙarfe da ƙarfe sai sun saba.
Masu faci suka bar tayoyinsu,
mai shayi ya zo da ludayi a hannu.

Yanzu a danja tana numfashi a hankali,
sai ɗan tari can ƙasa, wanda ni kaɗai nake jira.
In kore ta kama, ba ta neman a roƙe ta.
Jiya wani mai adaidaita ya leƙo,
ya ce, Baba, me ka ɓoye a ciki?
Na ce hanƙuri, na wuce shi.

Babban kuwa na saye shi duk da haka.
Yana ƙarƙashin gadona, naɗe da tsohon rawani.
Uwani ta ce ta gaji da tuntuɓe da shi in tana shara.