Hayaƙi Ɗan Aike

Rabin durom ɗin Baba ya gaji.
Layya ashirin da uku ya gasa mana
a bayan gida, ƙarƙashin dogon yaro.
Bana da na ɗaga shi, gindinsa ya zube
kamar ɓawon gyaɗa,
tsatsa ta ci rabonta, ta bar ni riƙe da baki.

Saura kwana tara Salla.
Rago na ɗaure a turke, yana kallona
kamar ya san ban da inda zan kwantar da shi.

Na fara da Maƙera Assada.
Gado na tsugune, guduma na magana a madadinsa.
Ya nuna min sabo, baƙi wuluk, ƙafa huɗu,
raga mai kauri, ba ta san lanƙwasa ba.
"Wanga," in ji shi, "jikanka ka gadon shi.
Samo gawayin ƙirya kawai,
ka ji abin da nama ka cewa."

Ƙirya kuma?
Hanyar Dange da muke bi cikin inuwa muna yara,
yau rana ce kaɗai tsaye a bakin titi.
Duk buhun da na sauke a zaure
ina jin kamar itace guda na binne.

Sai titin Sarki Yahaya,
shago mai sanyi har cikin haƙori.
Yaron shagon, Sidi, ya murɗa wani abu, ƙas,
wuta shuɗiya ta miƙe a jere
kamar ɗalibaina da safe gaban tuta.
Ba toka, ba fifita, ba hawaye.
Har da agogo a murfi mai faɗin zafi.
Da ya faɗi kuɗin
na gyara hula, ko da yake ba ta karkace ba.

A gida na yi ta wa'azin ƙamshi:
yadda kitse ke ɗiga kan garwashi
ya koma sama ya shiga tsoka,
yadda Baba ke juya haƙarƙari da yatsa tsirara.
Kulu ta bari na kai aya,
ta ajiye tsintsiya.
"Malam, kai ka juya nama, ni ka hura wuta.
Shekara nawa kana yabon hayaƙi
da ƙirjin wani?"
Sannan ta yi tarin nan nata
da na daɗe ina ji ban saurara ba.

Na sayi na gas.
A kan kabukabu muka kawo tukunyar,
na rungume ta kamar jinjiri mai zazzaɓi.

Ran Salla nama ya gasu tsaf,
bai ƙone ba, bai yi jini ba.
Yaji ya kama, ƙuli ya zauna.
Muka ci. Babu laifi. Wallahi babu laifi.
Amma har la'asar ba wanda ya yi sallama.
Tsoho Bagudu bai leƙo neman aron wuƙa ba,
wuƙar da bai taɓa yanka komai da ita ba.
'Yan makwabta ba su hau katanga ba.
Ko magen gidan Inno ba ta sani ba.

Ashe hayaƙi ne ke kai gayyata.
Shi ke tsallake katanga ba kunya,
ya shiga gidan da mai shi ba ya iya roƙo
ya ce masa, taso, an sauke.
Na sayi wuta mai riƙe sirri,
ni kuwa nama a ɓoye ba ya wuce min wuya.

Na kira jikana Modi,
na cika faranti, na rufe da wani.
"Bi ta gidan Bagudu, ka biya wa Inno,
ka ƙwanƙwasa da ƙarfi.
Daga yau kai ne hayaƙin gidan nan."

Ya fita da gudu, takalmi ɗaya.
Kulu na dariya a bakin ƙofa,
dariya doguwa, ba tari a ƙarshenta.