Abin da Na Faɗa wa Masawudu a Bakin Gareji

Kashe ta tukuna, Masawudu, fito mu gaisa.
Tun tana shataletalen Suwame labarinta ya riga ta isowa.
Yaran Magazin sun ajiye guduma suna leƙe,
har Kwabena mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa.
Baƙa wul, sai ka ce dare aka wanke da sabulu.
Allah ya tsare. Ga benci.

Kai ne fa mai miƙo mini sifana sha uku in na ce sha biyu,
shekara huɗu kana wankin fulogi a gwangwanin madara
kafin Tema ta kira ka fiton kaya.
Saboda haka ba zan yi maka kara ba.

Wannan ba turoturon Tafo ba ce
da ke haɗiye duk abin da aka ɗura mata.
Cikin 'yan gata gare ta.
Zaɓi gidan mai guda, ka riƙe shi kamar mahaucin gidanku.
Na galan a bakin titi, ko kallonsa kar ka yi:
sidi ashirin ɗin da ka ce ka rage
za su biyo ka nan sun haifi dubu.
Kuma kar ka jira allura ta yi sujada sannan ka nemi famfo.

Da safe ba ta minti guda,
gwargwadon ka ɗaura bel ka yi bisimilla,
sai ka ja ta a hankali har jininta ya ɗumama.

Tudun kwaltan Aboabo ba ya sanin mai kuɗi.
Cikinta kusa da ƙasa yake, hau shi a karkace,
bar masu oda su yi ta yi.
In ruwa ya sauko, kwalbati ya cika ya tumbatsa,
ka ga babbar mota ta ratsa, kar zuciya ta ce kai ma.
Injin da ya sha ruwa ba ya amai,
sai dai ya mutu da shi a ciki.

Alhaji Muntari, Allah ya jiƙansa,
jar fitila ta kama masa a gaban sitiyari,
ya samo takardar kamfen ya liƙe ta don ta daina damunsa.
Ga motar can bayan shago.
Kaji sun yi ƙyanƙyasa uku a kujerar baya.

Juyen baƙin mai kan lokaci, ko da bai yi baƙi ba.
Duba iskar taya ran Juma'a kafin masallaci.
A gosulon Kejetiya bar tazara,
mai kura ba ya biyan fenti.
Masu biki za su zo aro, da murmushi, da goro.
Kai su da kanka, ko ka ce tana da mura.

Saura guda, ita ce mai nauyi.
In ta yi ciwo, kar ka kawo mini.
Shekara arba'in da ɗaya da kunne nake aiki,
in ɗora sukundireba kan inji in ji inda ke masa zafi.
Wannan kuwa ba ta magana da kunne.
Kai ta Asokwa wurin Sahadatu, autata,
ta soka mata waya, su yi hirarsu a kwamfuta.
Ni ban san yarensu ba. Ita ta sani.

To, tashi ka sauke ni Asawase, magariba ta kusa.
Bari in shimfiɗa kwali, rigata duk girisi.
Me ya sa ka janye?
Yaro, farar fata ce fa kujerar.

Shi ke nan. Na zauna.
Amma kashe sanyin nan, ka zuge gilashi,
ko zan ji numfashinta kaɗan.